Hoto Ba Ya Biyan Bashi: Nazari a Kan Rumbun Digital Benin

A watan Nuwamba na shekarar 2022 aka buɗe wani rumbu a intanet mai suna Digital Benin. A cikinsa an tara hotuna da bayanin kayan tarihi guda 5,246 na tsohuwar masarautar Benin, waɗanda suke warwatse a gidajen tarihi da cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Duk mai wayar hannu ko kwamfuta yana iya shiga ya duba, ba a karɓar masa kuɗin shiga. Tun da kayan nan suka watse ba a taɓa tara su wuri ɗaya haka ba, ko da a hoto. Saboda haka aikin ya isa yabo. Amma ya kamata a auna shi kuma, gama irin wannan aiki ne manyan gidajen tarihi na duniya suka sa gaba yanzu, abin da aka yarda da shi a kan kayan Benin kuwa, shi za a yi a kan kayan sauran al'ummai.

Mai karatu ya lura, Benin ɗin da muke magana a kai ita ce ta mutanen Edo, wadda birninta yake a kudancin Nijeriya. Jamhuriyar Benin, maƙwabciyar Nijar, ita ce Dahomey ta dā, labarinta daban ne.

Yadda Kayan Suka Bar Gida

A watan Janairu na 1897 wani jami'in Ingila mai suna James Phillips ya nufi Birnin Benin da ayarinsa, ko da yake an aika masa cewa ya dakata. Aka tare su a hanya, aka kashe shi da mafi yawan waɗanda suke tare da shi. Wata guda bayan haka Ingila ta aika da mayaƙa wajen 1,200 a ƙarƙashin Admiral Harry Rawson. Suka ci birnin, wuta ta cinye fada, daga baya aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, inda ya rasu a 1914. Sojojin suka kwashe dubban kayayyaki daga fada: kawunan sarakuna na tagulla, allunan tagulla masu siffofin fadawa da mayaƙa, haurun giwa masu sassaƙa, ƙararrawa, da takubba na sarauta. Aka raba waɗansu tsakanin hafsoshi, aka yi gwanjon waɗansu a Landan. Daga nan suka bazu zuwa Barlin, da Biyana, da Amurka, da gidajen attajirai.

Wataƙila wani ɗan'uwa zai ce, ai da yawa cikin kayan nan na bagaden kakanni ne, me ya haɗa mu da su? Amsa biyu ce. Ta fari, allunan nan su ne littafin tarihin mutanen Edo. A kansu aka zana sarautu, da yaƙe-yaƙe, da tufafin kowane muƙami, har da fataken Fotugal da suka iso ƙasar tun ƙarshen ƙarni na 15. Ta biyu, abin da mutum yake yi da kayansa ba ya halatta wa wani ya ƙwace su. Ba sai ka yi sujada a bagaden maƙwabcinka ba kafin ka shaida cewa an yi masa fashi.

Abin da Rumbun Ya Yi Daidai

An shirya Digital Benin a gidan tarihi na MARKK da ke Hamburg a Jamus, da kuɗin gidauniyar Ernst von Siemens. Shugabar gidan, Barbara Plankensteiner, tana cikin jagororin aikin, tare da Farfesa Kokunre Agbontaen-Eghafona ta Jami'ar Benin da waɗansu masana, akwai kuma masu bincike da suka yi aikin daga cikin Birnin Benin.

Nagartarsa ta fari ita ce lissafi. Shekara da shekaru mutanen Edo suna neman kayansu, amma ba wanda yake da cikakken jerin abin da ke ina, gama mafi yawan kayan suna kulle a ɗakunan ajiya, ba a nuna su. Mai bin bashi da bai san yawan bashinsa ba, da wuya ya yi nasara a gaban alƙali. Sa'ad da aka buɗe rumbun sai ga lissafi a fili: Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan yana da fiye da 900, na Barlin fiye da 500, na Field a Shikago kusan 400, gidan tarihi na Birnin Benin kansa kuwa bai kai 300 ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gidan da ya miƙa jerin abin da yake riƙe da shi, ya shaida da bakinsa cewa kayan suna hannunsa, kuma a wurare da dama ana iya bin sawun abu daga hannun sojan da ya ɗauke shi, zuwa dillali, zuwa akwatin gilashin da yake ciki.

Kada a raina wannan aiki na rubutawa da ɗaukar hoto. A watan Agusta na 2023 Gidan Tarihi na Birtaniya ya bayyana cewa kayayyaki sun ɓace daga ɗakunan ajiyarsa. Lissafin ya kai wajen 2,000 tsakanin waɗanda aka sace da waɗanda aka lalata, mafi yawansu ƙananan duwatsu masu daraja da kayan ado, da yawa kuma ba a taɓa rubuta su yadda ya kamata ba, balle a ɗauki hotonsu. Shugaban gidan ya ajiye aiki. A watan Satumba na 2018 kuma gobara ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa na Brazil, wanda yake da kaya wajen miliyan 20, mafi yawansu suka hallaka. Abin da aka ɗauki hotonsa, in an sace shi ana iya gane shi a kasuwa, in ya ƙone akwai abin tunawa. A nan kam na'ura ta yi wa gidajen tarihi babban taimako.

Nagarta ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a ganina, watau sunaye. Fiye da shekara 100 Turawa suna kiran kayan nan da sunayen da suka ga dama: kai, allo, sanda, ƙararrawa. Digital Benin ya ware sashe guda mai suna Ẹyo Otọ inda aka jera kayan bisa ga sunayensu na harshen Edo, har mutum yana iya sauraron yadda ake furta su. Kan tagulla na tunawa da sarki shi ne uhunmwun elao. Allon tagulla shi ne ama. Ƙararrawa ita ce eroro, sandar da ake bugawa a ƙasa don kiran kakanni ukhurhe, takobin biki kuma eben. An bayyana amfanin kowanne da wanda yake da ikon riƙe shi. Akwai kuma sashen tarihin baka, inda dattawa da masu sana'a na Benin suke magana da bakinsu. Da wannan sashe rumbun ya gyara wani tsohon kuskure na gidajen tarihi, waɗanda suka ɗauka cewa mai riƙe da abu shi ne masaninsa.

Inda Ya Gaza

Amma gani ba ci ba ne. Domin a gane abin da hoto ba ya iya ɗauka, sai a san yadda ake zubin tagulla a Benin. Maƙeri yakan fara gina cikin siffar da yumɓu, ya lulluɓe shi da kakin zuma, ya fitar da kowane zane a jikin kakin: ido, murjani, tsagar goshi. Sa'an nan ya rufe duka da wani yumɓun, ya bar kafa. In ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai ya zuba narkakkiyar tagulla ta cika gurbin da kakin ya bari. Bayan ta huce dole ya fasa yumɓun kafin ya ga abin da ya fito. Saboda haka kowane zubi ɗaya ne tak, ba shi da na biyu. Gwanintar maƙeri kuwa tana cikin abubuwan da ba a gani daga gaba: kaurin ƙarfen, nauyinsa a hannu, inda aka bar kafar zubi, inda tagulla ta ƙi gudu aka yi faci. Tsofaffin kawunan Benin sun yi suna saboda rashin kaurinsu, abin da yake nuna hannun da ya ƙware ƙwarai. Ɗan koyo yana bukata ya juya abu, ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa. A fuskar waya kuwa, kan sarki da ƙaramar ƙararrawa girmansu ɗaya ne.

Har wa yau, ba a yi kayan nan don su tsaya ɗaya ɗaya ba. Kan tagulla yakan zauna a bisa dakalin ƙasa, da hauren giwa a kafe a samansa, da ƙararrawa da sanduna kewaye da shi. Allunan kuma an taɓa kafa su a ginshiƙan fada, har yanzu ana ganin hudar ƙusa a jikinsu. Rumbun ya yi ƙoƙarin bayyana wannan da kalmomi, amma hotunansa na gidajen tarihi ne, an ɗauke su yadda gidajen suka saba: abu guda, shi kaɗai, a gaban bango mai launi ɗaya. Sunan ya koma na Edo, idon da ya ɗauki hoton bai sake ba.

Aibi na biyu ya fi ciwo. Hotunan da ke cikin rumbun, gidajen da suke riƙe da kayan ne suka bayar, kowane gida da sharuɗɗansa. Hoton da ya fito daga Gidan Tarihi na Birtaniya yana ɗauke da haƙƙin mallaka na amintattun gidan, sharaɗinsa kuma ya yarda a yi amfani da shi don karatu amma banda kasuwanci. Watau in ɗan Benin yana so ya buga hoton aikin kakansa a littafin sayarwa, sai ya nemi izini daga Landan. Ba masu shirya rumbun suka kafa wannan doka ba, da ba su karɓi sharuɗɗan ba da gidaje da yawa sun ƙi ba su kome. Duk da haka dole a faɗa: an ƙwace abu, yanzu inuwarsa ma tana da mai ita.

Na uku, lissafin na gidajen tarihi da cibiyoyi ne. Abin da ke hannun attajirai da dillalai, wanda yakan ɓullo lokaci lokaci a wuraren gwanjo, ba ya cikin 5,246 ɗin nan. Kada mai karatu ya ɗauka cewa adadin shi ne dukan abin da aka kwashe.

Na huɗu shi ne daɗewa. Mukan zaci abin da ya shiga kwamfuta ya tsira ke nan. A shekarar 1986 gidan BBC ya tara hotuna da bayanin rayuwar Birtaniya, da taimakon yaran makaranta masu ɗimbin yawa, a kan faya-fayen zamani, don cika shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na Domesday. Kafin shekara 20 na'urorin da suke karanta faya-fayen sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto. Littafin asali na 1086 kuwa, wanda aka rubuta a kan fata, yana nan ana karanta shi. Tagullar Benin ta yi shekara 500, ta ƙetare wuta da teku. Rumbun intanet yana bukatar lantarki, da ma'aikata, da mai biyan kuɗi kowace shekara. Ranar da mai biya ya gaji, ƙofar ta rufu.

Babban haɗarin dai shi ne a mai da hoto madadin kaya, a ce wa mai abu, ga shi nan kana gani a wayarka, me kuma kake nema? Gaskiya ne masu Digital Benin ba su faɗi haka ba, waɗansu ƙasashe kuma sun yi abin da ya dace. A watan Yuli na 2022 Jamus ta sa hannu a kan mayar wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,100. Cibiyar Smithsonian ta Amurka ta sallama 29 a shekarar nan, Holan kuma ta mayar da 119 a 2025. Amma gidan da ya fi kowa yawan kaya, na Landan, yana fakewa da wata dokar majalisa ta 1963 wadda ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Ya ba da hotuna, ya riƙe tagulla. An kuwa ce zanen aro ba ya rufe katara.

Amsar Masu Aikin Hannu

Tun kafin zuwan intanet masu fasaha na Benin suke ba da tasu amsa. A shekarar 1977 aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a Legas. Alamar bikin ita ce ƙaramar fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, aikin ƙarni na 16 wanda yake Landan. Nijeriya ta nemi aronta, aka hana, aka ce ba za ta jure tafiya ba. Sai aka sa masassaƙan Edo suka sassaƙa wata. Fuskar ta zama sananniya ko'ina, har ta hau bayan takardar Naira ɗaya. Wannan ma kwafi ne, amma ya bambanta da na na'ura. Kafin mutum ya sassaƙa shi sai da ya koyi abin da masassaƙin farko ya sani, ilimin kuma ya zauna a hannunsa, yana iya koya wa ɗansa. Na'ura tana fitar da kwafi dubu ba wanda ya ƙaru da sana'a.

A 2010 Peju Layiwola, jikar Oba Akenzua na Biyu, wadda mahaifiyarta Elizabeth Olowu ta yi suna a zubin tagulla ko da yake sana'ar maza ce a al'ada, ta yi nuni a Legas mai suna Benin1897.com. Ta gina kawuna 1,000 da yumɓu ta baza su, domin mai kallo ya ji yawan abin da aka rasa a jikinsa. Sunan nunin ma ba'a ce ga zamanin da ya mai da tarihin mutane hajar ciniki. Adadi a rubuce yakan wuce ta ido, amma wanda ya tsaya a tsakiyar kawuna dubu ba ya mantawa.

A watan Fabrairu na 2022 kuma, shekara 125 bayan faɗuwar birnin, Victor Ehikhamenor ya rataye wani babban aiki a ɗakin ƙasa na Babbar Majami'ar Bulus Mai Tsarki a Landan. Sunan aikin Still Standing, ma'anarsa har yanzu yana tsaye. Siffar Oba Ovonramwen ce, an haɗa ta da dubban ƙwayoyin carbi irin na Katolika da ƙananan kayan ado na tagulla, aka sa ta kusa da allon tunawa da Admiral Rawson. Duk bayanin mutanen nan biyu yana cikin littattafai da kwamfutoci. Amma babu na'urar da za ta yanke shawarar tsayar da wanda aka kora kusa da wanda ya kore shi, a cikin gidan sujada, ta bar masu wucewa su yi hukunci. Wannan aikin lamiri ne, shi ne kuma rabon mai fasaha komai ci gaban na'urori.

Kada kuma a zaci masu sana'ar Benin baƙi ne ga sabon abu. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa ƙarfen kayan nan da yawa ya fito ne daga yankin kogin Rayin na Jamus, a siffar mundaye waɗanda fataken Fotugal suke kawowa a matsayin kuɗi. Maƙeran suka narkar da kuɗin baƙi suka zuba tarihinsu. Zuriyarsu tana nan a unguwar Igun ta Birnin Benin, suna zubi da tsohuwar hanya, suna narkar da tsofaffin ƙarafa. In an ba su rumbun intanet za su yi amfani da shi kamar yadda kakanninsu suka yi da mundaye. Abin da ya rage musu shi ne su ga aikin kakannin da idonsu ba tare da neman biza ba.

Hukunci

Da wane mudu za a auna gidan tarihi a wannan zamani? Mutanen Nijar suna da misali a kusa. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, tun da daɗewa ya ba masu sana'a wuri a cikin harabarsa. Dukawa, da maƙeran azurfa, da masaƙa suna aiki suna sayarwa, tsohon kaya yana cikin ɗaki, mai yin sabo yana waje kusa da shi. Gidan ba shi da dukiyar Landan ko Barlin, amma ya gane cewa ana ajiye tsohon aiki ne domin masu rai, musamman waɗanda za su ci gaba da sana'ar.

In aka auna Digital Benin da wannan mudu, ya cika rabi. Ya ƙidaya, ya mayar da sunaye, ya ba dattawa baki. Ya kamata a yi irinsa ga kayan sauran al'ummai, har da namu, gama akwai rigunan Hausa masu ɗinkin hannu a ɗakunan ajiya na Turai, maɗinki na Kano ko Damagaram ne kuwa zai iya cewa wannan aska biyu ce, waccan aska takwas. Duk mai shirin irin wannan aiki ya ɗauki darasi uku daga Benin: masu abu su sa suna, haƙƙin hoto ya bi haƙƙin kaya, a kuma san tun farko wanda zai riƙe rumbun ya biya kuɗinsa bayan baƙi sun tafi.

Sauran rabin ba aikin kwamfuta ba ne. Rumbun takardar bashi ce, an rubuta ta da kyau, da sunan kowane mai riƙe da kaya da adadin abin da ke hannunsa. Waɗansu sun fara biya. Waɗanda ba su biya ba, sunayensu suna nan a rubuce, kowa yana iya karantawa.